Yaro Ya Sami Gurbin Karatun Falsafa Da Addinai: Ina Mafita?

Kowace shekara idan lokacin raba guraben shiga jami'a ya zo, akan sami wasu gidajen 'yan Arewa a Sabon Badun, ko Agege, ko Idi-Araba a Ikko, inda murna kan koma zullumi. Yaro ya nemi karatun lauya bai samu ba, sai ga gurbi ya fito a wani fanni wai shi Falsafa da Nazarin Addinai, a wata 'yar ƙaramar jami'a wadda mahaifinsa bai taɓa jin sunanta ba. Uban da ya yi shekara da shekaru yana fataucin goro ko shanu a kurmi domin ɗansa ya zama wani abu, tambaya biyu ce kan hana shi barci. Shin wannan karatu ba zai taɓa imanin yaron ba? In kuma ya gama, me zai ci da shi?

Kalmar falsafa dai daga Girkanci ta shiga Larabci, ma'anarta kuwa son hikima. Karatun na shekara 4 ne. Ana koya wa ɗalibi manɗiƙi, watau ilmin rarrabe hujja mai ƙarfi da mai rauni, sa'an nan ilmin ɗa'a, da ra'ayoyin masana tun daga su Aflatun da Aristo har zuwa na zamani. A gefen addinai kuma ana karanta tarihin Musulunci da Kiristanci da addinan gargajiya, da yadda suka zauna da juna a Afirka ta Yamma. Ba a horar da mutum ya zama limami ko fasto a wannan sashe, nazari kawai ake yi.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, wannan ilmi ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Malamin nan da ya wallafa Ahalari, littafin da kusan kowane almajirin zaure ya karanta, watau Abdurrahman al-Ahdari, shi ne kuma ya tsara Sullamu a kan manɗiƙi. Shaihu Magili, wanda ya zo Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, sai da suka yi jayayya a rubuce da Imamu Suyuɗi a kan wannan fanni, Suyuɗi yana hani, Magili yana karewa. A ƙasar Sakkwato kuwa, Abdulƙadir ɗan Tafa, jikan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda ya rasu a 1864, ya yi rubuce-rubuce a kan falsafa. Amma fa tsoron iyaye ma yana da tushe, domin Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, littafi guda ya rubuta yana sukar masu falsafa, bayan ya ƙware a cikin ilminsu tukuna. Daga baya Ibnu Rushdi na Andalus ya mayar masa da martani.

Ɗaya daga cikin irin waɗannan ƙananan jami'o'i tana nan Samonda a Badun, watau Jami'ar Dominican ta 'yan ɗarikar Katolika, wadda Gwamnatin Tarayya ta ba izini a 2016. Kafin ta zama jami'a, makaranta ce ta koyar da falsafa da ilmin addinin Kirista a ƙarƙashin inuwar Jami'ar Badun. Cikin malaman wannan ƙungiya akwai wani Ba'amurke, Fada Joseph Kenny, wanda ya zo Nijeriya a 1964, ya zauna a Arewa ya koyi Hausa, ya kuma koyi Larabci. Digirinsa na dakta, wanda ya samu a Edinbara a 1970, a kan tauhidin Shaihu Sanusi ne, mai littafin Ummul Barahini da ake karantawa a zaurukanmu. Ya fassara Risala zuwa Turanci, ya kuma yi fiye da shekara 20 yana koyarwa a Jami'ar Badun. Ya rasu a 2013 yana Fadansa. Ke nan mutum yana iya sanin addinin maƙwabcinsa ciki da bai ba tare da ya bar nasa ba.

Wannan sani kuwa babu mai bukatarsa kamar mazaunin kurmi. Jama'a ba su manta da rikicin Shagamu na 1999 ba, wanda ya taso daga batun dokar hana mata fita da dare lokacin bikin Oro na Yarabawa, aka yi hasarar rayuka da dukiya. Zango yana bukatar 'ya'yansa waɗanda suka san al'adu da addinan masu masauki, suka kuma iya zama gaban sarakuna da hukuma su shimfiɗa hujja cikin natsuwa.

Ƙanƙantar jami'a ba aibi ba ne. Jami'ar Bayero ta Kano kanta a 1960 'yar ƙaramar kwaleji ce cikin harabar Makarantar Koyon Larabci, sai a 1977 ta zama jami'a mai cin gashin kanta. Inda ɗalibai ba su da yawa, malami ya san kowa da sunansa, yana duba rubutun kowa, kamar dai karatun zaure. Illar kuwa ita ce malamai kan yi kaɗan, ɗakin littattafai kan yi ƙanƙanta, kuɗin jami'o'in da ba na gwamnati ba kuma ba wasa ba ne.

Batun abin da za a ci, gara a faɗi gaskiya. Da wuya ka ga kamfani yana cigiyar mai digirin falsafa. Bayan yi wa ƙasa hidima, mafi yawansu koyarwa suke kamawa, ita ma sai an ƙara da difloma ta malanta, an kuma yi rajista da Hukumar TRCN. Wasu kan shiga aikin gwamnati ko na jarida, wasu su zarce da karatu su zama malaman jami'a, wasu kuma su koma su karanta lauyan da suka nema tun farko.

Saboda haka kafin uba ya ce i ko a'a, ya binciki abu uku. Na farko, ko Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, watau NUC, ta amince da wannan fanni a wannan jami'a. Na biyu, su wane ne masu jami'ar, kuma mene ne ƙa'idarsu game da sallar Jumma'a da suturar 'yan mata. Wanda ya fi son ta Musulmi, akwai Al-Hikmah a Ilori da Crescent a Abekuta, dukkansu na 2005, sai ya tambayi fannonin da suke koyarwa. Na uku, shi yaron, yaya tushensa yake? Wanda ya riga ya karanta tauhidinsa, yana kuma da malamin da zai riƙa kai wa tambaya lokacin hutu, hujjar aji ba za ta girgiza shi ba. In tushen ne da rauni, to nan ya kamata a fara gyara. Matambayi dai ba ya ɓata. Allah ya sa mu dace, amin.