Ɗan Sarkin da Ya Bar Fada: Labari Ɗaya, Sunaye Uku

Duk wanda ya yi zamanin silima a Jos, lokacin da ake cin layi a ƙofar Kwararafa ko Rex don kallon fim ɗin Indiya, ya san fuskar Shashi Kapoor. Amma kaɗan ne suka san cewa a 1972 jarumin ya fito a wani fim mai suna Siddhartha, inda ya tuɓe kayan ado, ya ɗaura gyauto, ya shiga daji neman abin da kuɗi ba ya saye. Ba irin fim ɗin da 'yan kallonmu ke so ba ne, don babu dambe, babu bos ɗin da za a kashe a ƙarshe. Sai dai labarin da ke cikinsa ya riga fim ɗin isowa ƙasar nan da daɗewa, ta wasu ƙofofin da ba a zata ba.

An ɗauko fim ɗin ne daga littafin da ya fito a 1922 na Hermann Hesse, marubucin da aka haifa a Jamus. Iyayensa da kakansa sun yi aikin mishan a Indiya, saboda haka ya tashi a gidan da ke cike da littattafan can. Tauraron littafin, Siddhartha, ɗan babban malamin Hindu ne, ya haddace karatu, ya iya ibada, amma zuciyarsa ba ta natsu ba. Ya bi masu gudun duniya tare da amininsa Govinda, ya sha yunwa har haƙarƙari ya fito. Ya haɗu da Buda, jagoran addinin Buda, ido da ido, ya yarda mutumin ya kai, amma ya ƙi zama almajirinsa. Hujjarsa ita ce ana iya koyar da ilimi, amma abin da Buda ya ɗanɗana ba a ɗura wa wani shi da baki. Daga nan ya faɗa birni, ya yi soyayya da wata mai suna Kamala, ya yi kasuwanci, ya yi caca, ya ƙoshi har duniya ta gundure shi. Ya ƙare a bakin kogi yana fito da mutane tare da wani tsohon mai kwalekwale, Vasudeva, wanda ba ya wa'azi, sauraro kawai ya iya.

Asalin labarin ya girmi Hesse da shekara sama da dubu biyu. Siddhartha Gautama, wato Budan da jarumin Hesse ya haɗu da shi, wanda aka haifa a Lumbini ta ƙasar Nepal ta yau, ɗan gidan sarauta ne da mahaifinsa ya killace don kada ya ga wahala. Ran da ya fita, sai ya ga tsoho, ya ga majinyaci, ya ga gawa, ya ga wani mai gudun duniya. Yana da shekara 29 ya bar mata da ɗa. Bayan shekara shida yana azabtar da jikinsa, ya gane cewa yunwa ma ba ta kai mutum ko'ina, ya zauna ƙarƙashin bishiya a Bodh Gaya har ya sami abin da mabiyansa ke kira farkawa. Ma'anar kalmar Buda ke nan: wanda ya farka.

Littattafan Hindu ba duka ne suka goyi bayan barin gida ba. A Bhagavad Gita, mai baiti 700, wani mayaƙi mai suna Arjuna ne ke son ajiye baka ya bar filin yaƙi, abin bautarsu Krishna kuma ya hana shi, ya nuna masa cewa mutum zai iya tsayawa kan aikinsa muddin bai rataya zuciyarsa ga sakamako ba.

To, ina hanya ta biyo zuwa gare mu? Ta Larabci. Tatsuniyoyin Indiya sun saba wannan tafiya: Kalila wa Dimna daga can ta fito, haka ma akun da ke ba da labari a Magana Jari Ce ta Abubakar Imam, jikan wani aku ne na tsohon littafin Indiya. Wajen ƙarni na 8 aka sami labarin ɗan sarkin nan da Larabci da sunan Bilauhar da Budasaf, sunan da ya samo asali daga laƙabin Buda kafin ya farka, Bodhisattva. A nan ne abin da duk mai rubutun ajami zai yi wa dariya ya faru. Tsakanin ba da ya a farkon kalma ɗigo ɗaya ne a ƙasa. Masu kwafe suka ƙara ɗigo, Budasaf ya koma Yudasaf. Kiristocin Jojiya suka ɗauka suka mai da shi Kirista, ya shiga Girkanci, ya shiga Latin a matsayin Josaphat, ɗan sarkin Indiya da wani mai ibada, Barlaam, ya shiryar. Cocin Roma ta sa musu ranar tunawa, 27 ga Nuwamba. Sai a tsakiyar ƙarni na 19 masana suka tabbatar cewa wannan waliyyi dai Buda ne ya sake riga.

Musulmi kuwa suna da Ibrahim ɗan Adhama, wanda sunansa ba baƙo ba ne a bakin masu wa'azin zuhudu. Shi mutum ne na tarihi, ya rasu a ƙarni na 2 na Hijira. Littattafan sufaye sun ce ɗan sarkin Balkh ne, yana farauta ya ji murya tana tambayarsa ko don wannan aka halicce shi, ya sauka daga doki ya yi musanyen tufafi da makiyayi. Balkh, a Afganistan ta yau, tsohuwar cibiyar addinin Buda ce, shi ya sa wasu masana Turawa suka ce ƙissar ta yi aro, wasu kuma suka musa. Akwai bambanci ɗaya mai daɗin lura: almajiran Buda da ƙoƙon bara suke yawo, shi kuwa Ibrahim ƙwadagon girbi da gadin lambu ya riƙa yi don ya ci guminsa.

Kama da wane ba ta wane ba ce. Addinin Buda bai ginu kan Mahalicci ba, kuma shi da na Hindu sun yarda mutum yana mutuwa ya sake dawowa, burin mai nema shi ne ya fita daga wannan zagaye. Musulmi da Kirista rayuwa ɗaya suka sani da hisabi a bayanta. Wanda ya ce duk kanwar ja ce, bai karanta ko ɗaya da kyau ba.

Amma tambayar da Hesse ya ɗora littafinsa a kai, Jos ta san ta fiye da garuruwa da yawa. Shin mai neman kusanci da Ubangiji sai ya riƙi hannun wani? 'Yan Ƙadiriyya da Tijjaniyya suna cewa hanya ba ta biyuwa sai da shehi, da wuridi, da tarbiyya, wani lokaci da halwa, har Allah Ya kawo buɗi. A garin nan ne kuma, a 1978, Sheikh Isma'ila Idris ya jagoranci kafa ƙungiyar Izala, wadda ta ce Alƙur'ani da Sunna sun wadatar, ƙari a kansu bidi'a ne. Ta ɓangaren Kirista, makarantar horon limaman Katolika ta St. Augustine da kwalejin tauhidi ta TCNN a Bukuru suna yaye malamai bisa tsari da silsila, yayin da wasu masu bi ke hawa duwatsun da suka kewaye garin su kwana azumi da addu'a su kaɗai. Duk waɗannan ɓangarori, duk da saɓaninsu, za su haɗu wajen ƙin amsar Hesse, domin jaruminsa ya ajiye malami ya ajiye littafi gaba ɗaya. A nan ne ma littafin ya fi rauni. Yana da sauƙi matashin da ya gaji da nasiha ya karanta shi a matsayin lasisin yin abin da ya ga dama, kuma haka samarin Amurka da yawa suka karanta shi a shekarun 1960, lokacin da ya zama abokin tafiyar masu rataya jaka su nufi Indiya.

Shi kansa marubucin bai tsira daga wannan ba. Da ya gama rabin farko, inda jarumin ke nema, alƙalami ya tsaya masa cak fiye da shekara guda, saboda rabi na biyu labarin wanda ya samu ne, shi kuwa bai samu ba. A 1921 ya je wajen Carl Jung, masanin halayyar ɗan Adam na Suwizalan, ya yi zama da shi na makonni, sannan ya koma ya ƙarasa littafin. A 1946 aka ba shi kyautar Nobel ta adabi.