Botin da Yatsa ke Ji: Abin Dubawa Kafin Ka Sayi Waya, Kalkuleta ko Kibod

 Ga taƙaitaccen abin da muka tattauna a filinmu na wannan mako, mun sa shi a takarda saboda wanda yake daji da dabbobi lokacin da aka watsa shirin, ko wanda yake bin layi a Paga bai samu ya kunna rediyo ba.

Maganar tamu a kan ƙaramin abu ce, wato botin da kake dannawa. Kada ka raina shi. Tun da MTN ta kawo MoMo ƙasar Gana a shekarar 2009, kuɗin sa da na buhun masara sun koma bin ta ƙarƙashin babban yatsa. Lambar waya a Gana guda goma ce, a Burkina Faso da Togo da Nijar kuwa takwas. Lamba ɗaya ta kauce, kuɗinka sun tafi wurin wanda ba ka taɓa gani ba. Ka yi niyyar tura sidi 2,000 gida, sifili ya shiga sau biyu, sai ga 20,000. Ga kuma dattawanmu da har yau suke lissafi da tsohon kuɗi, tun canjin 2007 da aka mai da tsohuwar sidi 10,000 ta zama sabuwa guda. To ina ga an haɗa rikicin sifili da botin da ba ya faɗa maka ko ya shiga ko bai shiga ba?

Abin da muke so ka riƙe ɗaya ne: botin na kirki shi ne wanda yatsanka zai ji shigarsa ba sai idonka ya duba ba.

Me ke ƙarƙashin botin?

In ka buɗe na'ura, iri uku za ka fi tararwa.

Na farko shi ne na roba. A ƙarƙashin kowane botin akwai ɗan ƙoƙon roba, a cikinsa da ɗigon baƙin abu mai ɗaukar lantarki. In ka danna, ƙoƙon ya lotsa, baƙin ɗigon ya taɓa allon da ke ƙasa, lamba ta fito. Shi ne a cikin rimot, da yawancin kalkuleta, da kibod mai araha. Yana da laushi, ba ya ƙara, kuma tun da shimfiɗar roba guda ce, tana tare ƙura da ɗan ruwa. Aibinsa shi ne yana tsufa a ɓoye. Robar takan saki, baƙin ɗigon ya goge, sai ka ga yau ka danna a hankali ya shiga, gobe sai ka danne da ƙarfi, jibi ka danna sau ɗaya ya ba ka biyu.

Na biyu shi ne mai ɗan faifan ƙarfe. Ka san murfin kwalba na ƙarfe wanda in ka danna tsakiyarsa yake cewa ƙas, in ka saki ya dawo? To haka yake, sai dai ƙarami ne, bai wuce ƙwayar wake ba. Yawancin wayoyi masu botin, waɗanda a nan Gana ake wa laƙabi da yam, wato doya, da shi suke aiki, haka ma botin ƙara murya a gefen babbar waya. Wannan ƙas ɗin ita ce shaidarka. Ko cikin duhun ruga ne, ko kana kan babur a hanyar Yendi, yatsa ya ji ta sau ɗaya, lamba ɗaya ce ta shiga.

Na uku shi ne mai sifirin, inda kowane botin yake da na'urarsa daban: ɗan sanda, da sifirin, da ƙarafa biyu masu haɗuwa. Wannan a kibod ɗin kwamfuta ake samunsa, za mu zo kansa.

Wayar shafa kuwa ba ta da ko ɗaya cikin ukun. Gilashinta yana aiki ne da ɗan lantarkin da fatar mutum ke ɗauka. Shi ya sa in hannunka da ruwa ko nono, sai ta riƙa rubuta abin da ba ka ce ba. In kuma yatsanka ya yi kanta saboda sanda da igiya, ga bushewar hunturu, wani lokaci ka shafa ta ƙi ji. Ba mu ce ka yar da ita ba, ai da ita kake tura hoton sa ga mai saye a Kumasi. Amma ba banza ba za ka ga masu MoMo a kasuwar Aboabo da ƙananan wayoyi biyu ko uku a kan tebur, da su suke aikin kuɗi. Kamfanin Nokia ma ya gane haka tun 2003, da ya fito da Nokia 1100 mai tocila da botin da aka yi don ya tare ƙura. An sayar da fiye da miliyan 250. Yau Tecno da itel ne suka cika wannan gurbi a kasuwanninmu.

In kibod za ka saya

Wani zai ce, ni makiyayi ina ruwana da kibod? To, tun da hukumar kwastan ta Gana ta koma tsarin ICUMS a shekarar 2020, takardar kayanka a Paga ta hannun mai kwamfuta take bi. Ejan ɗinka ya yi kuskuren lamba, motarka ce za ta kwana. Da yawa kuma cikinku sun buɗe wa yaro shagon buga takardu ko na MoMo, kuma kai ne za ka ciro kuɗin kayan aiki. Gara ka san abin da kake biya.

Kibod mai sifirin, kamfanin da ya yi suna a kansa shi ne Cherry, wanda aka kafa a Amurka a 1953, yanzu kuma cibiyarsa tana Jamus. A farkon shekarun 1980 ya fito da samfurin da ake kira MX. Daga baya kamfanonin Sin irin su Gateron da Kailh da Outemu suka shiga yin irinsa da araha, suna bin launukansa. Ka ciro hular botin ɗaya, launin ɗan sandan da ke ciki zai gaya maka halinsa. Duka suna nutsewa kamar milimita 4, harafi kuma yana shiga ne tun a wajen rabin hanya. Bambancin yana wurin abin da yatsa ke ji a wannan rabin hanyar.

Ja: yana sauka sumul, ba tuntuɓe, ba ƙara. Nauyin da yake buƙata kamar giram 45 ne, wato kusan nauyin ƙwan zabuwa. Masu wasan kwamfuta ke son sa saboda sauri. Ga mai shigar da lambar kuɗi kuwa, haɗari ne, don ko yatsa ya ɗan jingina sai harafi ya fito ba ka sani ba.

Ruwan ƙasa: yana da ɗan tudu a tsakiyar hanya. Kana dannawa sai ka ji ɗan tirjiya, ka wuce ta, to harafi ya shiga. Nauyinsa wurin tudun kamar giram 55, kusan ƙwan kaza. Ba ya damun maƙwabci da ƙara. Sai dai tudun nasa ƙarami ne, mai nauyin hannu yana iya wuce shi bai ji komai ba.

Fari mai kama da ƙanƙara, wanda suke kira Clear: shi ma mai tudu ne, amma tudun ya fi fitowa, nauyinsa kamar giram 65, kuma yana ƙara tauri in ka doshi ƙasa. Wanda hannunsa ya saba da aikin ƙarfi, wannan ya fi yi masa magana. Amma yaron da zai yini yana bugawa, da farko zai ji gajiya a yatsu.

Shuɗi: tudu da ƙara a haɗe, kowane dannawa sai ya ce ƙyas. Nauyinsa kamar giram 60. Yatsa ya ji, kunne ya ji. A rumfar bakin tasha inda lori ke ta hon, ƙarar ba ta dami kowa ba. A ɗakin da mutum uku ke aiki, ko gidan da ake barci kusa, kafin sati za a fara yi maka ƙorafi.

Shawararmu: don aikin lamba da takardun kaya, ka zaɓi mai tudu. Mai sauƙin hannu ya ɗauki ruwan ƙasa, mai nauyin hannu ya nemi wanda tudunsa ya fi ƙarfi, ko shuɗi in wurin ya ɗauki ƙara.

Gaskiya kuma sai an faɗe ta duka. Mai sifirin ya fi na roba tsada nesa ba kusa ba. Kamfanin Cherry yana cewa botinsa na jure dannawa miliyan 50 zuwa sama, kuma in guda ya mutu ana iya canza shi kaɗai, ba sai an yar da kibod ba. Amma yana da kafa a gefen ɗan sandan, ƙurar hunturun Tamale kuwa, daga Disamba zuwa Fabrairu, ba ta neman izini. In ta shiga tsakanin ƙarafan, sai harafi ya riƙa fitowa biyu-biyu. Akwai samfurin Kailh da ake kira Box, wanda aka kewaye sandansa da ɗan akwati don rage wannan. In shagon a buɗe yake bakin titi, kuma ba mai kula da rufe kaya, wallahi kibod na roba mai kyau, wanda za ka canza in ya gaji, ya fi maka mai tsada da ƙura za ta kashe.

Tarko biyu na kan iyaka

Na farko: ɗauki wayarka da kalkuletarka ka jera su. A waya, 1 2 3 ne a sama. A kalkuleta da gefen dama na kibod, 7 8 9 ne a sama. Kalkuleta ta gaji tsarinta daga tsofaffin injinan lissafi, waya kuwa kamfanin Bell na Amurka ne ya zaɓa mata nata bayan ya gwada mutane, aka fara aiki da shi a 1963. Ɗan kasuwar da ya gama lissafin canjin sefa a kalkuleta, ya juya kan waya da sauri, yatsansa yana iya ba shi 7 a inda yake nufin 1. Layin tsakiya kaɗai, 4 5 6, bai canza ba. Ka shafa lamba 5, a yawancin na'urori za ka ji ɗan ƙurji a kanta ko kusa da ita. An yi shi ne don makafi da mai aiki cikin duhu. Daga nan yatsa ke gane gabas da yamma. A kibod ma akwai irinsa a kan F da J.

Na biyu: kibod ɗin da aka sayo daga Burkina ko Togo sau da yawa na tsarin Faransa ne. Dubi layin haruffa na sama daga hagu. In ka ga AZERTY, na Faransa ne, in QWERTY ne, irin na Gana da Najeriya ne. A na Faransa, A da Q sun yi musayar wuri, Z da W ma haka, M ta ƙaura, kuma lambobin layin sama ba sa fitowa sai ka haɗa da botin Shift. Yaron da ya koya a Tamale, ka ba shi wannan, sunanka ma sai ya rubuta shi a karkace. Kuma kada ka karɓi gajeren kibod wanda aka yanke masa ɓangaren lambobi na dama, komai kyansa. Mai aikin kuɗi a nan yake zaune.

Gwajin da za ka yi a gaban mai shago

Kada ka yi cinikin biri a sama. A buɗe kwali, a sa batir.

Ka kashe ƙarar botin, don ƙarar lasifika tana rufe aibi. Ka rufe ido, ka nemo 5 da yatsa, ka buga lambar wayarka sau uku, sannan ka buɗe ido. In sau ukun sun fito daidai, alama ce mai kyau.

Ka danna kowane botin a gefensa, ba tsakiya kaɗai ba. Na banza sai an same shi a cibiya yake shiga.

In ta hannu ce, ka fi matsa wa 0 da 1 da 7 da tauraro da alamar # da botin tsakiya. Su ne *170# ke ci kullum, su ke fara mutuwa.

Ka dubi tazarar botin da girman yatsanka. In babban yatsanka yana rufe biyu lokaci guda, ba taka ba ce, ko da an rage maka kuɗi. Araha ba ta ado.

Ka tabbata lambobin suna haske da dare, kuma wayar tana kulle botin da kanta, kada ta riƙa kiran mutane daga aljihu kana bin shanu.

Bayan ka saya, tsohon buroshin haƙori busasshe ya isa share ƙura. Kada ka zuba kananzir ko fetur, suna cin roba. Kibod kuwa a kife shi a kaɗe, a rufe da ƙyalle in an tashi. Ranar da ka ga botin ya fara ba ka lamba biyu a dannawa ɗaya, kada ka ce bari kasuwa ta tashi. Ka kai gyara a ranar, kuɗin gyaran bai kai sifili ɗaya na kuskure ba.

Kuma komai kyan botin, kafin ka sa lambar sirri, MoMo tana nuna maka sunan mai karɓa da adadin kuɗin. Tsaya ka karanta. In karatun boko bai samu ba, ka sa wanda ka yarda da shi ya karanta maka suna da adadi, amma lambar sirri kai kaɗai za ka danna, ka juya baya.

Allah ya tsare dukiya, ya sa albarka a garke da kasuwa, ya kai matafiya gida lafiya. Sai mun haɗu a shiri na gaba.