Yadda Kwalekwale Ke Hawa Tudu a Kanada

Mashigin ruwa na Rideau, wanda aka buɗe a 1832 tsakanin Ottawa da Kingston, yana ratsa tudu da gangare, amma masu kwalekwale kan yi ayari su bi shi. Dabarar ita ce ɗakunan ruwa na dutse masu ƙofa gaba da baya. Da sun shiga sai a rufe ƙofar baya, ma'aikata su murɗa ƙarfe, ruwan da ke ɓangaren tudu ya kwararo ciki. Kowa ya riƙe igiyar bango, ruwa na ɗaga su sannu a hankali har ya daidaita da na gaba, sannan a buɗe. Abin burgewa, har yau da hannu ake sarrafa yawancin ƙofofin. A 2007 UNESCO ta sanya mashigin cikin kayan tarihin duniya.