Dalilin da Ya Sa Tsohuwar Motar Gas Ke Nawar Tashi da Sanyin Hunturu

Duk wanda ya taɓa yin sammako a tashar motar Zango, ta ƙasar Daura, tsakanin watan Disamba da Janairu, ya san wannan hali. Hazo ya lulluɓe gari, an gama lodin buhunan gero da wake tun dare, direba ya murɗa makulli, sai injin ya yi gurnani sau biyu ko uku ya yi tsit. Nan da nan yaran mota za su fito turi, wani kuma ya ce ai gas ne ya daskare. Idan ranar kasuwa ce, wannan jinkiri na sa'a guda yana iya jawo wa mai kaya asarar cinikin mako.

Ni fannina nazarin halittu ne, amma abin da ke faruwa da wannan mota bai yi nisa da abin da nake koyarwa ba. Mai karatu ya dubi ƙadangare da sanyin safiya. Yakan lafe a jikin katanga, ba ya ko iya gudu, sai rana ta gasa shi. Dalili kuwa shi ne aikin sinadaran da ke jikinsa yana tafiya ne gwargwadon zafi. A ƙiyasi, duk sa'ad da zafi ya ragu da digiri 10, saurin irin wannan aiki yakan ragu da kusan rabi. Batir ɗin mota ma sinadarai ne, ƙonewar mai ma haka.

Injin gas, wanda Bajamushen nan Rudolf Diesel ya kammala a 1897, ba shi da fulogi mai ƙyasta wuta kamar na fetur. Fistan ne ke matse iska a cikin silinda har ta koma kashi ɗaya cikin 15 zuwa 22 na girmanta, kuma matsin kaɗai ke kai zafinta sama da digiri 500. A lokacin ne nozul ke fesa mai, ya kama da kansa. Ke nan ana bukatar abu uku a tare: injin ya juya da sauri, silinda ta riƙe matsi, mai kuma ya iso a kan kari. Ƙarfen da ya kwana cikin sanyi yana shanye zafin iskar da aka matse, don haka duk wanda ya raunana cikin ukun nan, da asuba asirinsa ke tonuwa.

A nan ya kamata a gyara zancen daskarewar gas. Gaskiya ne akwai kakin da ke cikin man, wanda kan fara daskarewa ya toshe filta, amma galibi sai sanyi ya kusanci digiri sifili ko ya gangara ƙasa da haka, kamar yadda ake yi a Turai. Daren hunturu a ƙasar Daura kuwa yawanci yakan tsaya ne wajen digiri 10 zuwa 15. Irin wannan sanyi bai isa ya hana lafiyayyen inji tashi ba. Cuta ce da ma tana nan, ɗari ya fito da ita.

Binciken yana farawa da kunne, kafin a taɓa sifana. Idan an murɗa makulli aka ji injin yana juyawa da ƙyar, kamar mai jan guga daga rijiya mai zurfi, to matsalar ta wuta ce ko ta baƙin mai. Cikakken batir yana nuna bolt 12.6 a kan mita idan yana hutawa, kuma bai kamata ya faɗi ƙasa da kimanin 9.6 ba a yayin da kik ke aiki. Sau da yawa ma batir ɗin lafiyarsa lau, farin garin da ya taru a kawunansa ne, ko wayar da ke haɗe da jikin mota ta yi tsatsa. Na ga an sayi sabon batir a kan abin da ruwan zafi da burushi za su magance. Baƙin man da ya daɗe ba a yi juye ba shi ma yakan yi kauri da sanyi, ya riƙe injin.

Idan kuwa injin yana juyawa da ƙarfinsa amma ya ƙi kamawa, sai a koma bayan mota a dubi salansa. Farin hayaƙi mai warin ɗanyen gas yana nufin mai yana isowa, zafi ne bai kai ba. A ƙananan motoci irin su tsohuwar Peugeot 504 ta gas, abin zargi na farko shi ne hita, wato ɗan ƙarfen da ke yin ja wur a cikin kowace silinda kafin a tayar. A wasu tsofaffin injuna an jera hitocin a kan layi ɗaya, ta yadda idan ɗaya ta ƙone duk sun mutu. Manyan motocin kaya da yawa ba su da hita sam, matsi kaɗai suka dogara da shi. Idan irinsu suka fara farin hayaƙi da safe, sannan suka riƙa tashi salin-alin da rana, to a zargi ringi. Ƙurar hunturu da ta ratsa yagaggiyar filtar iska tana cin ringi da bangon silinda kamar yashi a turmi, kuma ma'aunin matsi ne kaɗai zai tabbatar da haka.

Rashin hayaƙi baki ɗaya kuma yana nufin mai ba ya zuwa. Wani lokaci tiyo ne ya tsage kaɗan, iska ta shiga da dare, man ya koma tanki. Wani lokaci kuma filta ce ta toshe, kuma a nan ne na fi son mu tsaya.

Wata rana wani direba a Zango ya nuna mini filtar da ya cire, cike da wani baƙin abu mai yauƙi. Ya ce, "Malam, dubi dattin da ake sayar mana." Na ce masa, "Alhaji, wannan dattin mai rai ne, kuma a tankinka ya girma." Da dare, raɓa takan taru a bangon tankin da ba a cika ba, ta gangara ta kwanta a ƙasa, tun da ruwa ya fi gas nauyi. A daidai inda ruwan ya haɗu da mai, ƙwayoyin bakteriya da fumfuna suna samun abin sha a ƙasa da abinci a sama. Wadda ta fi suna cikinsu ita ce fumfunar da masana ke kira Hormoconis resinae, wadda ta fara damun injiniyoyi a tankunan jiragen sama wajen shekarun 1960. Tana saƙa zare-zare masu toshe filta, tana kuma fitar da sinadari mai tsami da ke cin ƙarfen tanki. Man da aka saya a jarka ko duro a bakin hanya, abin da ba baƙo ba ne a garuruwan kan iyaka, yakan zo da nasa ruwan tun farko.

Motar da ke daɗewa a ajiye ita ta fi kamuwa. A Turai, motocin yawon buɗe ido masu gado da madafi a ciki, waɗanda ake kullewa tsawon watanni, suna cikin masu fama da wannan. A wurinmu kuwa tarakta ce da ke zaune tun daga kaka har faɗuwar damina, da motar da ba ta fita sai ranar kasuwa. Canza filta kaɗai ba ya warkarwa. Dole a zubar da ruwan ƙasan tanki, a wanke shi, a kuma riƙa ajiye mota da tanki cike.

Saura dabarun tasha. Turi ba shi da laifi sosai, illa yana ɓoye ciwon batir. Amma zuba fetur ko fesa maganin tayarwa a bakin iska, musamman a injin mai hita, yana iya kamawa kafin lokaci ya karya ringi ko ya fasa fistan. Cinna tsumma a bakin iska kuwa, a motar da ke ɗauke da harawa ko jarkokin mai, ya fi komai haɗari. Ga injin da aka san ringinsa ya gaji, kuma ba a samu kuɗin gyara ba tukuna, gara a kwana da shi a inda iska ba ta bugunsa, a rufe gabansa da tamfol, a kunna hita sau biyu kafin a murɗa makulli. Kada kuma a riƙe kik fiye da daƙiƙa 15 a jere. A bar shi ya huce na minti ɗaya kafin a sake.