Lambun Cikin Gida A Lokacin Bazara

Daga watan Maris zuwa Mayu, kafin ruwan sama ya sauka, kayan miya sukan yi tsada ƙwarai a kasuwanninmu. Fadamu sun fara bushewa, masu noman rani sun kwashe amfaninsu, na damina kuwa ba a ko shuka ba. A wannan lokaci ne gidaje da yawa ke komawa miyar kuka da busasshiyar kuɓewa safe da dare, yara su yi makonni ba su ci ɗanyen ganye ba. Alhali kuwa ganye irin su alayyafo da zogale suna ɗauke da bitamin A, wanda rashinsa ke kawo dundumi, da sinadarin ƙarfe mai ƙara jini, musamman ga mata masu ciki.

Ba lallai sai mutum yana da gona ko fadama zai sami waɗannan ba. Ɗan lungu a tsakar gida ya isa, ko da an shafe shi da siminti.

Abu na farko shi ne a san abin da zafi ke karɓa. Mutane da yawa sukan fara da tumatir, su wahala da ban ruwa, ya yi ganye shar, ya yi fure, sa'an nan furen ya kakkaɓe. Ba maita ba ce, ba kuma laifin iri ba ne. Idan zafin rana ya wuce digiri 35, kuma dare bai yi sanyi ba, furen tumatir ba ya ƙulla 'ya'ya sosai. A Kano da Sakkwato da Maiduguri kuwa zafin Afrilu yakan haura digiri 40. Ga kuma tsutsar nan da manoma ke kira sharon, wadda ta fi ɓarna da zafi. Ita ce a shekarar 2016 ta cinye gonakin tumatir a jihohin Kano da Kaduna da Katsina da Jigawa, har masana'antar tumatir ta Dangote da ke Kadawa ta tsayar da aiki don rashin kaya. Saboda haka tumatir da latas da kabeji da karas a bar su sai hunturu. Na bazara su ne alayyafo, da kuɓewa, da lalo, da rama, da yakuwa, da zogale.

Inda babu ƙasar shuka, buhu yana maye gurbinta. A sami buhun shinkafa ko na takin zamani mai cin kilo 50, a wanke shi, a huda gindinsa wuri biyar ko shida don ruwa ya riƙa tsiyayewa. A haɗa ƙasa kashi biyu da ruɓaɓɓen taki kashi ɗaya. Idan ƙasar laka ce, a ƙara yashi kaɗan. Taki dai sai wanda ya ruɓe ya huce. Ɗanyen kashin kaji yana ƙone saiwa. Kada a ɗebo ƙasar bola wadda ake zubar da batura da baƙin mai a cikinta, ko da ta yi baƙi ta yi kyau a ido. Tsohon bokiti ko fasasshen baho ma suna yi, in dai an huda su.

Irin alayyafo ƙanana ne ƙwarai, don haka a gauraya shi da yashi kafin a watsa, kada ya taru wuri guda. Cikin mako huɗu zuwa biyar ya isa ci. Uwargida mai dabara ba ta tuge shi. Takan yanke samansa ta bar gindi, ya sake toho. Kuɓewa kuwa a jiƙa irinta kwana ɗaya, a bar tushe biyu kawai a kowane buhu. Wajen wata biyu take fara 'ya'ya, kuma a riƙa tsinka duk bayan kwana biyu, don idan suka ƙosa a jikinta sai ta rage haihuwa. Zogale ya fi son ƙasa a kan buhu. In ya kai ƙugun mutum a datse kansa, ya yi rassa, ganyen ya tsaya inda hannu zai kai.

Babbar magana dai ita ce ruwa, tun da a birni sayensa ake yi wurin 'yan garuwa. Lambun da zai sa a ƙara sayen jarka kullum ba riba ba ne. Amma gida yana zubar da ruwa mai yawa wanda shuka ke so: ruwan alwala, ruwan wankin shinkafa da gero, da na ɗauraye ganye. A ajiye baho ana tara su. Wanda ba a so shi ne ruwan wanki mai omo ko bilic, da ruwan gishiri, don suna kashe ƙasa a hankali. A yi ban ruwa da sassafe ko bayan la'asar, a gindin shuka, ba a kan ganye ba. A rufe saman ƙasa da ɓawon gyaɗa ko busasshiyar ciyawa, sai laima ta daɗe. Akwai kuma tsohuwar dabara ta binne ƙaramin tulun ƙasa a tsakiyar shuka, a bar bakinsa waje, a cika shi da ruwa a rufe. Ruwan yakan riƙa tsatsafowa ta jikin tulun daidai yadda ƙasa ta bushe. Duk abin da aka tara ruwa a ciki a rufe shi, kada a yi kiwon sauro da sunan lambu.

Shuka tana bukatar ranar safe, amma zana ɗaya da za ta tare ranar azahar tana ceton ganye. Awaki da kaji ba sai an faɗa ba. Wanda bai yi shinge ba ya yi musu noma. In ƙwari sun taso, a daka ganyen darbejiya, a jiƙa ya kwana, a tace, a yayyafa da yamma. Maganin feshi na gona bai dace da wurin da yara ke wasa ba.

Furanni ma suna da wurinsu, ko da yake wasu na ganin su ɓata ruwa ne. Lalle yana jure fari, yana yin shinge, furensa yana da ƙamshi, ga ganyen ƙunshi. Fure yana jawo zuma, su kuwa su ne ke kai garin fure daga namijin furen kabewa zuwa macen, in ba haka ba ba ta 'ya'ya. Kariya tana fure mai kyau da tsakiyar rani ba tare da ruwa mai yawa ba, sai dai ruwan jikinta dafi ne, don haka a nisanta ta da yara da dabbobi.

Masu noma a filayen cikin gari su kula da irin ruwan da suke ja. A Kano an daɗe ana lambu a bakin Jakara da rafin Getsi, inda ruwan kwatoci da na masana'antun Bompai ke bi. Wanke ganye da dafa shi yana rage ƙwayoyin cuta, amma ba ya fitar da gubar masana'anta da ta riga ta shiga jikin shuka. Wanda kuma zai shuka a kangon fili, ya nemi izinin mai shi a gaban mai unguwa, a kuma yi magana a kan ranar da zai tashi, don kada a zo aza harsashi kuɓewa tana fure.