Takobin Aiki a Ƙasar Gwarzo da Kabo

Da zarar an gama kaka, dawa ta shiga rumbu, an ɗaure kara an jingine, sai aikin maƙeri ya sauya a ƙauyukan yammacin Kano. Duk tsawon bazara da damina, garma da fartanya da lauje ne ke cinye masa gawayi, ba shi da sararin sauraren mai neman abin ratayawa. Amma daga shigowar hunturu zuwa tsakiyar rani, lokacin da daji ya buɗe mafarauta suka fara aika wa juna goron gayyata, sai a fara ganin wasu irin baƙi a bakin maƙera. Ba su zo gyaran ƙota ba. Sukan gaisa, su tsuguna gefe, su jira har manoma su watse, sannan a shiga maganar takobi.

Wanda ya bi titin da ya fita daga Kabuga, ya wuce sabon mazaunin Jami'ar Bayero da Rimin Gado, ya ratsa ƙasar Kabo ta Garo har ya isa Gwarzo, ya shiga yankin da ƙarfe mai kaifi ya daɗe yana da daraja. Titin ya zarce Dayi cikin jihar Katsina, wato nan bakin iyaka ne, kuma a ƙarni na 19 garuruwan wannan gefe sun sha fama da hare-haren da ke gangarowa daga Maraɗi. Tsofaffin garuruwa irin su Getso da Godiya ba jiya aka kafa su ba. Yaƙin takobi ya ƙare tun da Turawan Ingila suka ci Kano a 1903, amma takobin bai bar gidaje ba. Ya koma hannun mahaya ranar hawan salla, da mafarauta, da 'yan tauri, da Fulanin da ke rataya shi idan za su bi shanu nesa, da kuma dattawan da suka gaje shi suka rataye a turaka.

A nan mutane sun raba takobi gida biyu, kuma ba sa haɗa su. Akwai na ado, wanda ake samu a rumfunan Kasuwar Kurmi cikin birni tare da linzami da sirdi da kayan doki. Kubensa ya sha aiki, hamilarsa ta sha tuntaye, yana ɗaukar ido idan rana ta doke shi a wajen jafi. Ruwansa kuwa sau da yawa farin ƙarfe ne mai taushi, in ka sara ice da shi sai ya lanƙwashe ya zauna a haka. Ba aibu ba ne, don ba a yi shi domin sara ba, kuma mahayin da ke sukuwa cikin taro gara ma a ce abin da ke hannunsa dakusasshe ne. Sai kuma na aiki. Shi wannan ba kasafai ake shimfiɗa shi a kasuwa ba. Zuwa ake yi a ce a ƙera, ko a bi ta hannun wanda ya san gidan da ke da na gado ana son rabuwa da shi.

Na gadon su ne abin nema, kuma akwai dalili. Baturen Jamus ɗin nan Heinrich Barth, da ya zo Kano a 1851, ya ƙiyasta cewa ruwan takobi kusan 50,000 ke shigowa kasuwar birnin a shekara, galibinsu ƙirar garin Solingen na ƙasarsu. Tsirara suke ƙetaro Sahara a bayan raƙuma, a Kano ake yi musu mariƙi da kube, sannan a sake fita da su zuwa ƙasar Buzaye da sauran wurare. Shi ya sa tsohon takobin Bahaushe da na Buzu suke kama da juna: miƙaƙƙe, kaifi biyu, mariƙi mai gicciye, wani da layuka uku a tsakiyar ruwa, wani da tambarin jinjirin wata guda biyu. Maƙeran gida ma sun kwaikwayi tambarin suna bugawa a nasu, saboda haka ganin wata a jikin ƙarfe bai isa hujja ba. Tsofaffi suna da sunaye ga kowane iri. Mai layi uku tamogashi ne, wanda ba shi da zane ko ɗaya dunhu, lanƙwasasshe mai kaifi ɗaya kuma bisalami. Yawancin samarin yanzu takobi kawai suka sani, sai gajere, sai adda.

Sabon takobi kuwa daga sifirin ɗin mota yake fitowa. Kakannin maƙeran nan tama suke haƙowa su narke, jikokinsu kuma Kasuwar Ƙofar Ruwa suke zuwa, ko su saya hannun 'yan gwangwan. Ni dai ban ga abin raini a nan ba. Ƙarfen da aka yi don ya ɗauki nauyin babbar mota ya lotsa ya dawo, shi ne daidai abin da takobi ke bukata. Abin da ya rage sai hannun mai ƙira.

Ciniki ba ya farawa da kuɗi. Mai saye zai ce, “Sarki, barka da aiki. Wani ɗan ƙarfe nake so a buga mini.” Maƙerin ba zai ɗago kai daga uwar maƙera ba, zai ce, “Ɗan gidan wa ne kai?” In ya ji sunan uban da ya sani, ko sunan sarkin dawan da yaron ke bi, sai magana ta ci gaba: na daji ne ko na wasa, tsawonsa kamu nawa, mai nauyi ko sakayau. In kuwa baƙuwar fuska ce ba mai gabatarwa, amsar ba ta wuce, “Ai mu nan sai kayan noma, samari.” Wannan tambaya ta ƙara nauyi a shekarun nan. Rikicin 'yan daba a birni ya sa 'yan sanda sun sha jan kunnen maƙera kan ƙera makamai, kuma ba maƙerin da ke son a kama yaro da ƙarfe a ce daga maƙerarsa ya fito. In an daidaita, sai a ba da kafin alƙalami, a sa rana. Ranar ba ta cika cika ba, kowa ya san alkawarin maƙeri.

Aikin kansa abin kallo ne. Yaro na kan zugazugi, gawayin ƙirya na ci, don shi ne ke riƙe wuta ba ya saurin zama toka. Maƙeri ya kama ƙarfen da awartaki, in ya yi ja ya ɗora a uwar maƙera, mai masaba ya yi ta sauke masa, shi kuma yana juyawa yana bi da ƙaramar guduma yana gyara. A hankali guntun sifirin mai kauri zai miƙe, ya yi tsawo, gefensa biyu su sirance, tsakiyarsa ta riƙe kauri. Duk wannan ƙarfin damtse ne, almajirin maƙera ma zai iya. Inda ake sanin gwani shi ne wajen ba ƙarfe ruwa. Za a mayar da ruwan takobin wuta har ya yi ja bai ɗaya daga gindi zuwa tsini, abin da ke da wuya a ƙaramar wutar maƙera, dole a riƙa ja ana turawa, sannan a tsoma shi a ruwa ko a baƙin mai. Da yawa sun fi son yin haka da magariba ko a cikin inuwar rumfa, domin a tsakar rana ido ba ya tantance jan ƙarfe. In ya sha ruwa da yawa zai yi tauri ya kuma yi gautsi, sara ɗaya a kan gaɓar ice ya ɓalle. In bai sha sosai ba kaifinsa zai riƙa naɗewa. Shi ya sa bayan tsomawa akan ɗan sake gasa shi sama-sama don gautsin ya ragu.

Mai saye da ya san abin da yake yi ba ya duban kube. Zai zare, ya ɗaga ƙarfen daidai idonsa ya bi tsawonsa da kallo ko akwai karkata. Zai kafa tsinin a ƙasa ko jikin kututture ya danna har ya lanƙwasa, ya saki. In ya dawo ya miƙe sak, to an wuce mataki ɗaya. Zai ƙwanƙwasa shi da wani ƙarfe ya kasa kunne: mai lafiya yakan yi ƙara mai tsawo, mai ɓoyayyen tsagu kuwa muryarsa a dushe take. Daga nan sai mariƙi, wanda a ganina shi ne inda aka fi cutar marar sani. Wutsiyar ƙarfen dole ta ratsa mariƙin gaba ɗaya ta fito ta ƙarshe a dasashe ta. Na araha sukan zo da ɗan guntun ƙarfe da aka liƙa da walda aka rufe da fata, ba mai gani sai ranar da aka kai sara ruwan ya fice ya yi cikin mutane. Araha ba ta ado, a nan kuwa har jini takan zubar.

Daga maƙeri sai baduku. Shi zai fere siraran katako biyu daidai jikin ƙarfen, ya lulluɓe da fatar akuya da aka rina da karan dafi, ya ɗinke, ya sa zobba na hamila. Kube mai kyau yana riƙe takobi ko an kifa shi, amma yana saki da ja ɗaya.

Sai washi, kuma nan ne gardama take. Maƙeri yakan fitar da baki da magagari ya tsaya, sauran aikin na mai abu ne. Yanzu kusan kowace kasuwa akwai mai injin washi, minti kaɗan ya gama, tartsatsi na tashi yara na kallo. Wuƙar mahauci ko addar saran ƙaya ba ruwansu, amma masu takobin kirki ba sa kai shi can. Dutsen inji na cin ƙarfe da yawa, ga zafi. Da ka ga bakin ya yi shuɗi-shuɗi to ruwan da maƙeri ya wahala ya ba shi ya tafi, wurin ba zai ƙara riƙe kaifi ba. Dattijon mafarauci dutsen washi yake nema, irin wanda ya yi kwarmi a tsakiya don daɗewa, ya ajiye kaskon ruwa a gefe, ya zauna a inuwa. Yana yayyafa ruwa yana goga ƙarfen a kwance-kwance, daga tsakiya zuwa tsini, ya juya ɗaya gefen ya yi masa adadin da ya yi wa na farko don kada bakin ya karkata. Wajen taƙi guda daga mariƙi ba a wasa shi, an bar shi don karewa da kuma tsaron hannun mai shi. Ba a kuma son bakin ya yi siriri irin na askar wanzami, domin abin da zai haɗu da ice da ƙashi yana bukatar nama a bayan kaifinsa. Yawan washi na shekara da shekaru shi ke sa ka ga tsofaffin takubba sun rame, tsininsu ya zama kewayayye.

In an gama, sai gwaji, don sai an gwada akan san na ƙwarai. Ana farawa da ɗan taɓa bakin a farcen babban yatsa: in ya kama bai zame ba, ya yi. Sannan a fita bayan gari, nesa da yara da awaki. Abin gwaji na farko karan dawa ne guda ɗaya a tsaye. A ido kamar yana da sauƙi, amma shi ke tona asirin hannu. In kaifi da hannu sun tafi layi ɗaya, karan zai yanke a karkace, bakin yankan sumul, wani lokaci saman ya ɗan tsaya kafin ya faɗi. In hannu ya murɗe ko kaɗan, sai karan ya karye ya yi zare-zare, 'yan kallo su kwashe da dariya. Daga nan a ƙara, kara uku, biyar, ƙaramin dami. Wasu su kawo rake ko kabewa ko ɗanyen reshen dalbejiya. Busasshen ice da ƙusa na masu neman suna ne, kuma su ne ke komawa wurin maƙeri da giɓi a baki suna cewa ƙarfen ne ba shi da kyau. Manya sukan ce wa yaro ya daina zuba ƙarfi, ya bar nauyin takobin ya yi aiki, ya kuma ja shi kaɗan yayin da ya sauka, ya lura da inda ƙafarsa ta gaba take.

'Yan tauri sun mai da wannan gwaji wani sashe na wasansu. Kafin ɗan tauri ya ɗora ƙarfe a jikinsa, sai ya nuna wa fage cewa ba dakusasshe ya riƙo ba. Ganga na tashi, ya yi kirari, ya fille kara ko ya feffere sanda a gaban kowa, sannan ya juya bakin ya yi ta gurzawa a ciki ko a wuya. Su sun ce magani ne da aka ci aka sha aka yi wanka, kuma makaɗa irin su Kassu Zurmi sun yi suna wajen zuga mazajen wannan fage. Mai kallo da idon basira zai lura cewa sara daban, gurzawa daban, kuma gwanayen sun san wane ɓangare na ƙarfen suka wasa. Ma'aikatan asibiti kuma sun san yadda ake ɗinke waɗanda lissafinsu ya kuskure. Hukuma ma ta sa ido a kan irin waɗannan taruka, musamman kiɗan gangi, saboda yadda ɓata-gari ke fakewa da su, har an kai ga hana shi a Kano. Wannan ya sa mai takobi a yau ba ya ratsa kasuwar Getso ko tashar Gwarzo da shi a kafaɗa kamar da. In zai kai gyara, a buhu yake naɗe shi, ya ɗaure a bayan babur.

Bayan sara, ruwan kara da na rake suna sa tsatsa cikin dare ɗaya. Sai a goge ƙarfen da tsumma, in ya fara ja a murza da toka ko lallausan yashi, a shafa man gyaɗa ko man kaɗe kaɗan kafin a mayar kube. Da damina akan zare shi lokaci-lokaci a duba, don fata na jan laima. Ba a miƙa wa mutum shi ta tsini, ba a zare shi a zaure don wasa, kuma yaron gida ba ya taɓa na ubansa sai an ce ya ɗauko. In mai shi ya rasu, takobin na shiga lissafin gado tare da sirdi da alkyabba, kuma sau da yawa 'yan'uwa sukan bar wa wanda ya gaji dajin ko dokin, shi kuma ya biya su rabonsu da kuɗi ko da hatsi.