Asalin Kalmomin Kiwo: Daga Garken Kunduru Zuwa Harsunan Turai

Ilimin asalin kalmomi, wato binciken inda kalma ta fito da yadda siffarta da ma'anarta suka sauya, yana samun abin nazari mai yawa a sunayen dabbobin gida, domin dabba takan zo wa al'umma tare da sunan da masu ita na farko suka ba ta. A Kunduru da sauran garuruwan Kankiya da Kusada na Jihar Katsina, inda Hausawa manoma da Fulani makiyaya suka daɗe suna zaune tare, kalmomin da ake ji a garke da kara sun taru ne daga zamunna daban-daban.

Rukuni mafi tsufa shi ne na kalmomin da Hausa ta daɗe da su har dokokin sautinta suka yi musu aiki, kuma jam'insu ne yake tona tsohuwar siffarsu. Wanda ya kwatanta "doki" da "dawaki", ko "tunkiya" da "tumaki", zai ga cewa jam'in ya riƙe sautin da tilo ya saki, domin saiwar doki tana ɗauke da "w", ta tunkiya kuma da "m", wadda ta koma "n" saboda "k" ɗin da ke bin ta. Wannan ba baƙon abu ba ne ga Bakatsine, wanda karin harshensa ya riƙe tsofaffin siffofi irin "zamna" da "amre" a inda Bakano yake cewa "zauna" da "aure". Ita ma "saniya" daga "sa" ta fito, da ɗafa-ƙeyar mace irin wadda ke cikin "yarinya" da "zakanya".

Raƙumi kuwa baƙo ne, shi da sunansa. Maarten Kossmann, a littafinsa na 2005 kan kalmomin Barbarci a Hausa, ya nuna dangantakar kalmar da "alɣəm" ta harsunan Barbar, dangin harshen Buzaye, waɗanda ayarinsu ya riƙa haɗa Agadas da Katsina da Kano. Kalmar "dabba" daga Larabci take. Daga Fulatanci aka samo "nagge" da "ruga", haka kuma sunayen irin shanu kamar Bunaji da Rahaji da Bokoloji, waɗanda "-ji" ɗin ƙarshensu alamar jam'i ce a wancan harshe. Har "jangali", harajin shanun da gwamnatin Balarabe Musa ta soke a 1979, lokacin da Katsina take cikin Jihar Kaduna, ta wannan hanya ya shigo.

Inda maganar ta fi armashi shi ne a kalmar "dukiya". Idan makiyayi ya ce dukiyarsa ta tafi kiwo, shanu yake nufi, kamar yadda "jawdi" a Fulatanci take nufin arziki da dabbobi a lokaci guda. Wannan haɗi ya bayyana a Turai ma. A harsunan Jamusanci da danginsa, "Vieh" ta Jamusanci tana nufin dabbobin kiwo, alhali 'yar'uwarta "faihu" a harshen Got, wanda aka fassara Baibul cikinsa a ƙarni na 4, tana nufin kuɗi da kadara, kuma da wannan saiwa ake danganta "fee" ta Ingilishi, wato kuɗin aiki. Latin ma ta samo "pecunia", kuɗi, daga "pecu", garke. A harsunan Silab, dangin Rashanci, "skot" shanu ne, amma a tsohon Rashanci tana nufin kuɗi, kuma masana suna haɗa ta da "skatts" ta Got, wato tsabar kuɗi, da "Schatz" ta Jamusanci, wato taska, duk da cewa har yau suna muhawara kan wanda ya ara daga wani. Babu aro tsakanin waɗannan kalmomi da na Hausa. Abin da ya haɗa su shi ne rayuwa iri ɗaya, inda saniya ce ajiyar gida, ita ce sadaki, ita ce abin gado.

Abin damuwa shi ne kalmomin da suka fi zurfi, irin su karsana da takarkari da taure da goɗiya da amale, suna yin ƙaranci a bakin matasa, a daidai lokacin da babur ya maye gurbin jaki, satar shanu kuma ta watsa garkuna da yawa a Jihar Katsina. Ƙamus ɗin Bargery na 1934 ya adana da dama daga cikinsu, amma shekaru casa'in sun wuce. Ya kamata sassan nazarin Hausa na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma su tura ɗalibai wurin tsofaffin makiyaya da dillalan karar Charanchi da Kankiya, su rubuta sunayen launi da ƙaho da shekarun dabba daga bakin masu amfani da su.